Keken da Aka Ɗora wa Laifi

Akwai wata safiyar Lahadi da har yau ba ta fita daga kaina ba. Tunda ku biyun nan za ku karɓi ajin keke daga watan gobe, gara ku ji labarinta daga bakina kafin ku ji shi a kasuwa an ƙara masa gishiri.

Shekarar da aka buɗe gidan motsa jikin nan ce. Lokacin ni ƙaramin moniter ne, wato mai tsayawa gaban aji yana nuna abin da za a yi yana duba agogo. Sama da ni akwai Mushe Bubakar, wato Malam Bubakar, mai gidan, tsohon malamin wasanni a lakwal, makarantar boko, wanda ya ajiye aiki ya zuba abin da ya tara a nan. Ƙasa da ni babu kowa. Ni ke buɗe ƙofa, ni ke shara, ni ke bin kekuna da tsumma da mai.

Kekunan da kuke gani a sal ɗin nan, ɗakin da muke aji, okaziyo Mushe ya samo su, wato na hannu, aka hauro da su daga Kwatano a bayan kamyo, babbar motar kaya. Ranar da aka sauke su rabin unguwa ya zo kallo. Ga sirdi, ga feda, ga abin riƙewa, amma a kafe suke a ƙasa kan ƙarfe mai faɗi, ba gaba ba baya. Akwai abin murɗawa ƙarƙashin hannu, in ka kai shi dama feda ta yi nauyi kamar kana hawan tudu, in ka mayar hagu ta saki. Wata tsohuwa ta leƙo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mini, "Ɗana, abin da ba ya kai mutum ko'ina, don mi ake hawansa?" Na ce don lafiya ne, Inna. Ta ce Allah ya ba da lafiyar, ta wuce.

Tsarin da muka kafa shi ne wanda kuka tarar. Ajin maza da safe bayan an fito sallar asuba, na mata da maraice tare da monitris, ƙofa a rufe. Sabon zuwa a auna masa tansiyo, wato hawan jini, a tambaye shi ko likita ya yarda ya motsa jiki, a daidaita sirdi da ƙugunsa. Sannan a koya masa hawa: ka hau, ka zauna ka daidaita, ka zura ƙafafunka biyu cikin maɗaurin feda, sai an ce bisimilla ka fara murzawa. Haka muke koyarwa, kuma a cikin sal daidai ne.

Ba a daɗe da farawa ba aka kawo mana Alhaji Sidi. Na ce aka kawo, don ba da son ransa ya zo ba. Ɗiyarsa ce, mai aikin jinya, ta sa shi gaba, bayan likita ya gaya masa sukari ya hau, tansiyo ya hau, kuma magani kaɗai ba zai riƙe shi ba. Ku ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Ɗan tsohon gari ne. Yana yaro yana bin raƙuman mahaifinsa zuwa Tegidda ɗaukar gishiri, da ya girma ya sauka daga raƙumi ya shiga mota, kuma da zinariyar Jado ta tashi kamyoyinsa na cikin masu kai ruwa da abinci can. Amma girmansa ya wuce na dukiya. Shi ne mutumin da ake kai wa rigimar gado ko ta iyakar gida kafin a je hukuma, in ya ce ga yadda za a yi, an gama. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Ranar farko da babbar riga ya zo. Muka yi ta lallashi har ya yarda ya koma wando da ƴar shara, amma rawani ya ce ba a maganarsa. Da shi yake murza feda, amawali a kan baki, gumi na tsiyaya, ruwa ma ta ƙarƙashin amawalin yake kai shi. Na ɗauka ba zai yi mako guda ba. Ashe shi zai fi kowa. Kafin in iso da makulli yana bakin ƙofa cikin motarsa. In na ce a ƙara nauyi, sauran suna satar kallona suna yin kamar sun murɗa, shi kuwa sai ya murɗa ya ƙara. In wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, kowa ya sami hujjar sauka, ban da shi. Cikin ƴan watanni tumbi ya ragu, ɗiyarsa ta aiko da godiya. Kuma saboda an ji Alhaji Sidi yana zuwa, ƴan kasuwa da dattawan da a da suke cewa abin yara ne suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, har kekuna suka kasa isa.

Mutum ɗaya ne a ajin yake iya taɓa shi da baki: Gumar, maƙerin azurfa. Kun san wasan da ke tsakanin maƙera da manyan gari, gadonsa suka yi, maƙeri yakan faɗi abin da in wani ya faɗa sai an yi zama a kansa. Kekensa na kusa da na Alhaji. Ana cikin haki sai ka ji shi: "Alhaji, tun ɗazu kake gudu, ka kai Adarbisinat kuwa?" Alhaji ya ce, "Na wuce. Kai na bari a bakin gari kana neman numfashi." Aji ya kwashe da dariya.

Daga irin wannan tsokanar ce maganar fita ta taso. Gumar ya ce shi ya gaji da kallon bango, a fita waje a ga wanda zai riga wani. Mushe Bubakar ya ga talla ce ga gidan, ya yarda. Aka sa ranar Lahadi da sassafe, a kan gudron, wato kwaltar hanyar Damagaram, kafin manyan motoci su fito. Kowa ya zo da kekensa ko ya ara. Ba a ma yi shawarar wanda zai shiga gaba ba, kowa ya san Alhaji ne.

Ana saura ƴan kwanaki ya tsayar da ni bayan aji. Ya ce, "Isufu, ina son keke. Ba mai tsada ba, ba ɗaurin aure zan je da shi ba. Ka san inda ake samun na kirki?"

Na ce na sani. Na kai shi wurin Ilya.

Ilya mutumin Damagaram ne da ya daɗe a Agadas, yana da rumfa a gefen kasuwa inda yake sayen tsofaffin kekuna yana tayar da su. Yawancin cinikinsa na iyayen ƴan lakwal ne da masu kai burodi. Ba mai yawan magana ba ne, kuma hannunsa na da kyau. Bari in gaya muku yadda ake duba keke mai araha, don za a tambaye ku. Fenti ba ya cikin lissafi. Ka bi jikin ƙarfen da yatsa, musamman inda ya haɗu, ka ji ko ya taɓa karyewa an liƙe an shafe. Ka ɗaga shi ka juya ƙafar, ka sa ido daidai robar furen, wato birki. In ƙafar tana matsowa tana ja da baya, a karkace take. Ka ja sarƙa ka ga ko ta saki. Sannan ka hau. Duk na yi wa wani baƙin keke haka, mai kwando a gaba da muka sa Ilya ya cire. Na hau shi na kai ƙarshen layi na dawo, har na saki hannu a hanya. Tsoho ne, amma lafiyarsa ƙalau.

Na tura shi gaban Alhaji na ce, "Alhaji, ko za ka ɗan taɓa ka ji tsawon sirdin?"

Ya dubi keken, ya dubi mutanen da suka taso daga rumfunansu don gaishe shi. Mutum irinsa ba ya gwada kaya a tsakiyar kasuwa kamar yaro mai sayen takalmi. Ya ce, "Kai ne malami. In ka ce ya yi, ya yi." Shofer ɗinsa, mai tuƙa shi, ya ɗora keken a bayan mota. Ilya ya ɗaura masa ƙararrawa kyauta, kuma kafin mu bar wurin na ji yana gaya wa maƙwabcinsa, cikin jin daɗi, cewa yau Alhaji Sidi ya yi ciniki a rumfarsa.

Ranar Lahadi muka taru inda gudron ya bar gidajen ƙarshe. Mu goma sha wani abu ne, ban da mai shayi da masu kabu-kabu da suka tsaya kallon dattawa da kekuna. Aka sauke wa Alhaji nasa. Ya gyara rawani, ya ɗaga ƙafa ya hau. Ya zauna ya daidaita. Sannan ya ɗora ƙafar dama a feda, ya ɗora ta hagu, keken na tsaye cak, shi kuma yana jiran in ce bisimilla.

Keken ya ɗan tsaya, sannan ya kwanta da shi ta hagu.

A nan na gane. Mutumin nan bai taɓa hawan keken da ke tafiya ba a rayuwarsa. Daga raƙumi ya shiga mota, keke bai ratsa ta tsakiya ba. Kuma ba ɓoyewa ya yi ba, wallahi shi kansa bai sani ba. Ya yi watanni yana murza feda fiye da kowa, to me kuma ya rage? Mu ma ba wanda ya tambaye shi. Wa zai dubi Alhaji Sidi ya ce ka iya keke?

Ya tashi da kansa, ya kakkaɓe riga. Ya ce da shofer ya riƙe masa sirdi. Wannan karon ya taka da ƙarfi, irin takun da yake yi wa keken sal in an ƙara nauyi. Keken ya fizge daga hannun shofer, ya yi dama, ya yi hagu, ya sauka daga gudron ya cusa ƙafar gaba cikin rairayi. Alhaji ya wuce ta sama. Da ya ɗago, rawanin ya warware, amawali ya sauka har wuya, ga fuskarsa duka a waje, rairayi a gemu, tafin hannu na jini.

Ban taɓa ganin maza sun sami abin kallo a ƙasa da sauri haka ba. Wani ya durƙusa yana duba sarƙarsa, wani ya juya yana hangen hanyar Damagaram kamar yana jiran baƙo. Mai shayi ya koma kan butarsa. Ba wanda ya je ɗaga shi, don in ka je ka nuna ka gani. Muka ba shi baya har ya gama naɗa rawaninsa.

Gumar ne ya fara motsi. Na ce a raina shi ke nan, yau bakin nan zai gama da mu. Ya je ya ciro keken daga rairayi, ya ɗaga gaban, ya juya ƙafar, ya tsura mata ido. Sai ya ce da ƙarfi, "La'ilaha illallahu! Alhaji, wa ya sayar maka da wannan? Ai ƙafar nan a karkace take. Wannan ko ɗan tsere ya hau sai ya kayar da shi."

Ashe kowa jira yake. Wannan ya matsa furen ya ce ba ya kamawa. Wancan ya girgiza abin riƙewa ya ce yana rawa. Wani ya ce Allah ne ya kiyaye, da a gaban kamyo ne fa? Kafin a jima keken nan ya tara cutar da ba a taɓa jin keke ɗaya ya tara ba. Sannan Gumar ya juyo ya ce, "Mushe Isufu, kai ka zaɓa, ba ka ga wannan ba?" Idonsa na gaya mini amsar da zan bayar.

Na ce, "Ban lura ba."

Alhaji ya shiga mota, shofer ya ɗora keken, suka juya gari. Mu kuma muka ɗan taka muka dawo, ba wanda ya riga wani.

Washegari Mushe Bubakar ya kira ni biro, ɗan ɗakin nan na gefen ƙofa. Ya ce daga yau babu fita waje da sunan gidan nan, kuma babu ma'aikacin da zai ƙara raka wani sayen keke. Da murya sama ya faɗa, don na waje su ji. Da ya tura ƙofa ya ce a hankali, "Bon, na san keken lafiya lau yake. Kai ma ka sani. Ka bar shi a haka." Na ce to, Mushe. Abin da ke ransa a fili yake: in Alhaji ya ji kunya ya daina zuwa, lafiyarsa za ta koma inda ta fito, kuma rabin aji zai bi shi.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne maganar ba za ta tsaya a bakin gudron ba. Masu kabu-kabu suka kai ta tasha, daga tasha ta shiga kasuwa. Kafin Juma'a labarin ya zama Ilya ya sayar wa Alhaji Sidi mataccen keke da ya kusa kashe shi. Wasu ma suka ce ƙarfen ne ya rabu biyu. Ga shi ana gab da komawa lakwal, lokacin da Ilya ke yin cinikin da zai riƙe gidansa watanni. Uba zai zo da ɗansa, wani ya ja shi gefe ya raɗa masa, su wuce rumfar gaba.

Wata rana da hantsi ina goge kekuna sai ga Ilya a bakin ƙofa. Bai shigo ba. Muka gaisa, ya ce, "Malam Isufu, kai ka hau keken nan. Har ka saki hannu, ina kallo. Akwai abin da ya same shi?"

Na ce, "Ilya, ka yi haƙuri, maganar za ta wuce."

"Ba haƙuri na zo nema ba. Tambaya na yi."

Na ci gaba da goge sirdin da na riga na goge. Ya ɗan tsaya, ya ce, "To, Allah na gani," ya tafi. Abin ya tsaya mini a rai, amma ban bi shi ba.

Alhaji ya yi kusan wata bai zo ba. Kekensa na sal ba wanda ya hau, ko da aji ya cika. Ɗiyarsa ta gaya wa Mushe ya koma zaman zaure da shayi mai sukari, in an yi masa magana ya ce hannu ne bai warke ba.

Sai wata rana bayan azahar, lokacin da gidan ke rufe kowa ya tafi hutawa, na ji an ƙwanƙwasa ƙofar baya. Alhaji ne, shi kaɗai, shi ya tuƙo kansa, baƙin keken a bayan mota. Ya ce, "Na kawo a duba shi. An ce yana da matsala."

Na ce, "To, Alhaji, a shigo da shi."

Kun san filin bayan nan da muke shanya tsummoki, katanga ta kewaye shi. Na ɗauko kile, wato sifana, na cire feda biyun, na sauke sirdi har ƙasa yadda tafin ƙafarsa zai taka. Haka ake koya wa babba: ba feda, ya tura da ƙafa, ya ɗaga su kaɗan, ya ji yadda keke ke neman faɗuwa da yadda ake tare shi da hannu. Na ce, "Alhaji, sai da nauyin mutum a kai ake gane inda yake karkacewa. Ka zauna ka tura, ni ina duba ƙafar ta baya." Ya ce madalla.

Haka muka yi ta yi, kullum bayan azahar, cikin zafin da ko akuya ba ta fita. Bai taɓa cewa koya mini ba, ni ma ban taɓa cewa ka yi daidai ko ka yi kuskure ba. Sai dai in ce, "Keken nan yana son a dubi gaba, ba ƙasa ba," ko in ce, "Yau ya rage ja ta hagu." Shi kuma ya ce, "Na ji alama." Babba yana da wuyar koyo, don ya san zafin faɗuwa, jikinsa a sandare yake. Ya faɗi ba adadi. Duk faɗuwar da zai yi, ni ina da abin da nake nema a cikin akwatin kile. Da ya fara tafiya daga katanga zuwa katanga ƙafa a sama, na mayar da feda. Ya koma ajin safe ma, aka karɓe shi kamar jiya ya tafi, ba wanda ya ambaci Lahadi.

Rannan muna hutawa a inuwar katanga, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mai rumfar nan, yaya kasuwarsa?"

Na ce, "Ta yi sanyi, Alhaji."

"Saboda keken?"

"Saboda abin da aka ce game da keken."

Ya daɗe yana shafa sirdin da yatsa. Sannan ya ce, "Gobe da hantsi ka same ni a bakin layinsu."

Na gane nufinsa, kuma a matsayina na moniter na gaya masa gaskiyar aiki. Na ce yana iya tafiya a miƙe, amma tashi yana ba shi wuya, tsayawa ma da sauransa, juyawa kuwa bai fara ba. Layin kasuwa ga amalanke, ga kabu-kabu, ga rairayi. Na ce a ƙara ko mako biyu. Wannan ne karon farko da na yi magana a kansa ba a kan keken ba, kuma bai gyara mini ba. Ya ce, "Yara sun kusa gama sayen kekunansu. Mako biyu ba zai amfane shi ba."

Washegari da hantsi kasuwa ta cika. Ya sauke keken da kansa a bakin layi. Mutane suka fara tasowa gaisuwa, da suka ga abin da yake shirin yi suka tsaya inda suke. Ya taka, keken ya ƙi. Ya sake takawa, ya tashi. Ina binsa a ƙasa da ɗan gudu. Ya yi ta tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, ya kauce wa mai amalanken ruwa da ƙyar, wata mai sayar da dabino ta janye tirenta tana salati. Amma yana tafiya. Duk layin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa. Ya kai daidai rumfar Ilya, ya nemi tsayawa, ya manta da furen, ya sa ƙafa ƙasa keken na gudu. Ya faɗi a gaban rumfar, kan tarin tsofaffin robobin taya.

Nan take aka rufa a kai. "Subhanallahi, keken nan kuma!" "Ai mun faɗa, ba shi da furen!" Wani har ya nuna Ilya da yatsa. Ilya na tsaye da kile a hannu, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Alhaji bai tashi ba. Daga zaunen da yake a ƙasa ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya yi magana da muryar da yake yanke rigima da ita.

"Ku bar keken nan. Babu abin da ya same shi, ranar nan ma babu abin da ya same shi. Ni ne ban iya ba. Ban taɓa hawa ba sai bana, yanzu nake koyo. Malam Ilya kaya mai kyau ya sayar mini. Wanda ya ji akasin haka ƙarya ya ji, kuma da ni aka yi ta, don na yi shiru."

Ba wanda ya san inda zai sa idonsa. Ilya ya ajiye kile, ya zo ya ɗaga keken, ya matse ƙafar gaba tsakanin gwiwoyinsa ya daidaita abin riƙewa da ya juya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, furen ake fara matsawa, sannan a sauke ƙafa." Alhaji ya ce, "Na ji, malam." Ya miƙa masa hannu, Ilya ya ɗaga shi.

Kada ku ɗauka abin ya wuce masa cikin sauƙi. Masu kabu-kabu sun yi watanni suna kwaikwayonsa a tasha. Wasu dattawan tsohon gari sun ce bai kamata ba, mutum irinsa ba ya zama a ƙasa tsakiyar kasuwa yana ba da labarin kansa, kuma na san wani gida da suka kai rigimar gadonsu wurin wani a shekarar. Gumar ma ya yi kwanaki ba ya tsokanarsa. Ya ce mini, "Mun rufa masa, ya yaye, ya bar mu tsaye da ƙaryarmu a hannu." Ilya kuwa yawancin cinikin shekarar ya riga ya wuce shi, sai dai sunansa ya dawo, kuma rumfarsa na nan har yau. Alhaji bai taɓa zama gwani ba. Yakan hau zuwa shagonsa da safe ta hanyar da ba rairayi, ya dawo a mota.

Tun daga lokacin, ranar farko ta kowane sabon aji ina faɗa wa kowa a dunƙule, idona a bango ba a kan wani ba, cewa keken sal yana ba da ƙarfi da numfashi amma ba ya koya wa mutum hawan keken waje, wanda yake son wannan, ƙofar baya a buɗe take bayan azahar. Ku ma haka za ku yi. Za ku yi mamakin irin mutanen da ke ƙwanƙwasawa, kuma sunayensu ba sa fita daga filin nan.

Mutanen garin nan sun iya rufa wa babba asiri, cikin ƙiftawar ido, ba tare da an yi shawara ba, kuma ba zan ce muku abu ne mara kyau ba. Sai dai in kun ga an fara, ku duba wanda aka tura wa laifin, don sau da yawa mutum ne da ba ya wurin. Mu goma sha wani abu muka tsaya a bakin gudron ranar nan, duk mun ga abin da ya faru da idonmu. Wanda ya fi mu abin asara shi kaɗai ya faɗi gaskiya.